Zainaba Biyu, Uba Ɗaya

Talata, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Na ga Abba yau.

Bari in sake rubutawa ko zai zauna a kaina. Na ga mahaifina Yunus, da idona, da ransa. Mutumin da aka ce an gan shi kwance a dajin Konduga shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da aka kore shanunsa. Wanda aka yi wa sallah babu gawa. Wanda Iya ta yi wa takaba, ta kuma rasu tana ganin wurinsa za ta.

Da hantsi aka kawo sababbin mutane sansani, waɗanda suka fito daga daji sojoji suka gama tantance su. Ina zaune gefen Sista Dorothy a rumfar shan magani ina yi mata tafinta kamar kullum, don ba ta jin Shuwa, Kanurinta ma iyakarsa gaisuwa. Layi ya kawo kan wata matashiya, baƙa, doguwa, riƙe da wuyan hannun wani tsoho, da 'yar yarinya maƙale a laffayarta. Tsohon ya bushe kamar kara. Da zai zauna sai ya naɗe ƙafar hagu ya zauna a kanta, ya juya kai, na ga kunnensa na dama, wanda ƙaho ya tsaga tun ina goye.

Sista ta tambayi sunansa. Matar ce ta amsa da Hausa, ta ce Yunus. Aka tambayi nata.

Ta ce, "Zainaba. Ni 'yarsa ce."

Sunana ke nan. Kuma ni kaɗai ce mace a 'ya'yansa.

Ban san yadda na yi ba, amma na ci gaba da aiki. Sista ta ce in tambaye shi ina ke masa ciwo, na tambaye shi da Shuwa, ya nuna ƙirji da kai. Ya dube ni sosai, ido cikin ido, ya sa mini albarka, ya kira ni Malama.

Na zagaya bayan tankin ruwa na yi amai. Na ce wa Sista zafin rana ne.

Laraba, 9 ga Afrilu, da asuba

Ban faɗa wa kowa ba. Ko Sa'id mijina da muke kwana ɗaki ɗaya.

Laraba, bayan azahar

Na je tantinsu da muka tashi hutu. Yana kishingiɗe a kan tabarma, matar tana yi masa fifita da kwali. Na durƙusa na gaishe shi yadda nake gaishe shi a gida, sannan na ce, Abba, ni ce Zainaba, 'yarka.

Da na san abin da zai biyo baya da na yi shiru. Ya miƙe zaune, ya cafke hannun matar, ya shiga waige-waige kamar akwai mutane tsaye a kanmu. Ya ɗaga murya da Hausa, shi da ba ya son yin Hausa:

"Wannan 'yata ce. Sunanta Zainaba. Ni na haife ta, uwarta Rahmat. Musulma ce 'yar Musulmi. Ku tambayi kowa."

Ya faɗa, ya sake faɗa, kalma ɗaya ba ta sauya ba, kamar haddar da aka yi da bulala. Rahmat sunan Iya ne. Yarinyar ta shige bayan jarka ta toshe kunnuwa. Matar ta dube ni, muryarta can ƙasa, ta ce Anti don Allah ki tafi, zan neme ki.

Na tafi. Na tafi na bar ubana yana rantsuwa cewa wata ce ni.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da yamma

Ta same ni a bakin famfo bayan layin ruwa ya watse. Ta ajiye bokiti, ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce sunanta na gaskiya Phebe. Tana faɗa ta rufe baki da hannu. Ta ce tun tana 'yar shekara goma sha biyar ba ta ji sunan nan a bakin kowa ba, har da nata.

Daga wani ƙauye take a bayan dutsen Gwoza. Ranar da aka kwaso su aka haɗa su da wasu a wani fili, ana raba mutane gida biyu, Musulmi da Kirista. Ta ce ta riga ta ga abin da ake yi wa ɓangare ɗaya. Wani tsoho da aka kawo da shanu yana tsugune kusa da ita, bai taɓa ganinta ba, sai ya jawo ta ya yafa mata rawaninsa, ya ce 'yarsa ce. Da aka tambayi sunanta shi ya amsa. A kan wannan maganar waɗanda suka kama su suka doke shi, ba sau ɗaya ba, don akwai wanda ya yi shakka. Tabon da ke ƙeyarsa daga nan ne. Ta ce da farko ya san ƙarya yake, idan sun keɓe yakan ba ta labarina, ya ce ina da surutu, ina ƙin nono mai tsami. Daga baya ya daina. Ba ta iya tuna shekarar da ya daina ba.

Na tambaye ta yarinyar. Ta ce sunanta Yusra, shekararta shida. Ta ce sunan da ya ba ta ya hana a kashe ta, amma bai hana komai da komai ba.

Ta faɗa mini wasu abubuwa. Ba zan rubuta su ba.

Da za mu rabu ta ce in yafe mata sunana. Na ɗora mata bokitin a kai.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan magariba

Na faɗa wa Sa'id da ya dawo daga Kasuwar Shanu. Yana wanke ƙafa, butar ta kife a hannunsa. Ya yi salati, ya tambaye ni ko na tabbata, ya sake tambaya. Na ce in ban san kunnen ubana ba me na sani.

Muka hau keke napep zuwa Limanti wurin Gwaggo Mu'mina, ƙanwar Abba. Ita kaɗai ta rage a cikinsu. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta motsa ba. Sai ta tashi ta shiga ɗaki ta kulle ƙofa. Muna jin kukanta daga tsakar gida, maƙwabta suka fara leƙowa suna tambayar wa ya rasu.

Asabar, 12 ga Afrilu, da hantsi

Ya gane Gwaggo.

Tana shiga tantin ya ɗaga kai ya kira ta da sunan da suke kiranta suna yara a ruga, sunan da ni ma ban taɓa ji ba. Suka riƙe juna. Ina tsaye a bakin ƙofa, na ce shi ke nan, yanzu zai juyo.

Ya juyo. Ya nuna mata Phebe, ya ce ga Zainaba nan, kin ga yadda ta girma. Ni kuma ya ce 'yar asibiti ce, tana da kirki.

Gwaggo ta buɗe baki za ta gyara masa, na girgiza mata kai. Ya tambayi Iya. Gwaggo ta ce Rahmat ta riga mu gidan gaskiya, shekara bakwai ke nan. Ya gyaɗa kai ya yi mata addu'a. Kafin mu fito ya sake tambaya ko Rahmat na lafiya.

Ya gane Gwaggo. Ina ta maimaita wannan a keke har gida.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan la'asar

Abubuwa biyu yau.

An tara mu ma'aikata aka ce tallafin da ke riƙe da rumfar maganinmu ya tsaya, ƙarshen wata za a rufe. Sababbin zuwa kuma za a kwashe su a kai su matsuguni wajen Konduga. Sista Dorothy ta tambayi mutumin da ya zo daga ofis ina za a kai yaran tamowa da ke kan magani, ya ce ana duba lamarin. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

Na biyun, mai kula da sansani ya ce tunda dangi sun bayyana za mu iya ɗaukar Abba. Na je da murnata. Abba ya ce ba ya taka ko'ina ba tare da 'yarsa da jikarsa ba. Ya faɗa hankali kwance, kamar mai cewa rana ta faɗi.

Gwaggo ta ce sam. Ta ce yarinyar ba muharramarsa ba ce, ba jininmu ba ce, ga kuma 'ya da ba a san ubanta ba, ko kuma an sani, wanda ya fi muni. Ta ce mutanen unguwa ba za su bambance wanda aka kama da wanda ya bi da kansa ba. Sa'id bai ce a'a ba, bai ce to ba. Ya ce yana da abokan ciniki, yana da yara a makaranta, in ba shi lokaci.

Konduga. Can aka ɗauke shi, can za a mayar da shi.

Laraba, 16 ga Afrilu, da safe

Shiru tsakanina da Sa'id. Na ajiye masa shayi, ya sha, ya fita.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Na dawo daga aiki na tarar da buhunan dusa jibge a tsakar gida. Sa'id ya kwashe ɗakin ajiya, ya share, ya shimfiɗa leda sabuwa, ya rataya labule a tsakiya. Jikinsa duk fari da dusa. Ya ce gobe bayan Juma'a za mu ɗauko su, su ukun.

Na tambaye shi me ya sauya. Ya ce ya je sansanin da kansa ba da sanina ba, ya zauna da tsohon. Abba bai gane shi ba, amma ya ba shi rabin tabarma, ya tambaye shi farashin bijimi a bana. Sa'id ya ce, "Shi ya ɗaura mana aure. In na bar shi a tanti, da wane ido zan dube ki?"

Na shiga kicin na yi kukan da ban yi ba tun ranar Talata waccan.

Asabar, 19 ga Afrilu, da azahar

Sun kwana a gidana.

Ban yi tunanin jirgi ba. Mu 'yan Gomari mun saba, filin jirgi na bayanmu, ko kai ba ma ɗagawa. Da hantsi ina kwashe tuwo wani jirgi ya tashi. Kafin in juya su ukun sun kwanta rub da ciki a gindin dogonyaro. Abba ya rufe Yusra da jikinsa, Phebe ta kife fuska a ƙasa hannuwanta a ƙeya. Babu wanda ya yi ihu. Shirun ne ya fi tsorata ni. Yarana suna tsaye da kwano a hannu suna kallo.

Jirgin ya wuce, suka tashi, suka karkaɗe jiki, suka koma suka zauna kamar ba a yi komai ba.

Na samu gutsuttsarin burodi a cikin rigar Yusra da zan yi mata wanka. Ya riga ya yi fumfuna. Na karɓa, ta bi hannuna da ido, sai na mayar mata da sabo.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan magariba

Idan aka kira Zainaba a gidan nan mu biyu ke waigowa. Sa'id ya koma kirana Maman Umair ko mu kaɗai ne.

Muhsinat maƙwabciyata, wadda muka yi shekara takwas muna aron juna turmi, ta aiko a karɓo mata rariyarta. Yaranta sun daina shigowa. Da na gaishe ta ta katanga ta amsa, amma ba ta tambayi baƙi ba, kuma duk layin nan babu wanda bai san mun yi baƙi ba.

Na dafa wa Abba shayi yadda yake so, baƙi ƙirin, da kanumfari da citta, a ƙaramin kofin gilashi. Na kai masa da kaina. Ya karɓa da hannu biyu, ya gode, ya miƙa wa Phebe. Sai da ta kurɓa ta mayar masa sannan ya sha. Haka yake da tuwo, haka yake da magani. In ba daga hannunta ba, ba ya kai komai baki.

Bitti yake ce mata. 'Yata. Da ni yake ce wa haka.

Ina jin wani abu game da ita wanda ba na so in sa masa suna. Yarinyar da ta ɗauko shi a baya ta ƙetare ruwa da shi. Ita ta faɗa wa Sa'id, ba don a yaba mata ba, yana tambayar yadda suka fito ne kawai. Allah ka tsarkake mini zuciya.

Talata, 22 ga Afrilu, da yamma

Sista Dorothy ta ja ni gefe. Ranar da na faɗa mata komai ta karɓi sunan ƙauyen su Phebe da sunan babanta. Ta ce ranar Lahadi, a cocinsu, bayan addu'ar Ista, ta tashi ta tambaya ko akwai wanda ya san mutanen ƙauyen. Wata tsohuwa ta san wani, wannan ya san wani. An samu yayan Phebe, sunansa Jona, kafinta ne a Mubi. Babansu ya rasu. Mamarsu na nan da rai.

Ta ba ni lambar waya. Na riƙe ta a jaka tun azahar. Na shigo gida na ga Phebe tana yanke wa Abba farce, na wuce ɗaki ban ba ta lambar ba.

In ta tafi, zai zama nawa. In ta tafi, wa zai ba shi abinci?

Laraba, 23 ga Afrilu, da hantsi

Na ba ta. Ban je aiki ba, na zauna tare da ita a kicin muka kira.

Da Jona ya ɗauka ta kasa magana. Yana ta cewa wa ke nan, wa ke nan. Ta fara da Hausa, ta ce ita ce, ta faɗi sunan. Sai muka ji kamar wani abu ya faɗi, da hayaniya, sai muryar tsohuwa tana magana da yarensu. Phebe ta buɗe baki, kalmomin suka ƙi zuwa. Ta dube ni a firgice ta ce, Yaya, na manta. Tsohuwar ba ta daina ba, tana ta faɗin abu ɗaya kamar mai rarrashin jariri. Can sai Phebe ta amsa da kalma ɗaya, sannan biyu, daga nan ya ɓalle mata. Na fita na ja musu ƙofa.

Yau ta fara ce mini Yaya.

Daga baya ta ce ta faɗa wa Jona maganar Yusra. Ya ce zai zo ranar Juma'a ta sama. Bai ce komai a kan yarinyar ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan la'asar

Gwaggo ta zo da dabara. Ta ce a gaya wa Abba an yi wa Zainaba aure, mijin ne zai zo ya tafi da ita, kowane uba ya san wannan ranar. Sa'id ya ce ba laifi. Ni ma na kusa yarda.

Phebe ce ta ƙi. Ta ce shekara goma sha ɗaya suna rayuwa a kan ƙarya ɗaya ita da shi, ba za ta rabu da shi a kan ta biyu ba. Gwaggo ta kalle ta tun daga sama har ƙasa, na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce a zubo wa yarinyar nan abinci, ta rame.

Da muna wanke-wanke Phebe ta ce ba ta san abin da za ta ce wa mamarta ba idan lokacin sallah ya yi jikinta ya tashi da kansa. Ba ta san ko ita wace ce a wurin Allah ba. Na ce ban da amsa. Ta ce ta sani, so take kawai wani ya ji.

Sai ta tambaye ni ko zai ci abinci in ta tafi. Na ce zai ci. Ban sani ba.

Laraba, 30 ga Afrilu, da azahar

An rufe rumfar. Mun naɗe tabarmi, mun sa ma'aunin yara a kwali. Mata sun yi layi tun safe kamar kullum, da yara a baya, don babu wanda ya yarda da gaske ne. Ni aka sa in faɗa musu, da Kanuri, da Shuwa, da Hausa. Sau uku na faɗi magana ɗaya. Wata ta ɗaga ɗanta sama ta nuna mini hannunsa.

Sista Dorothy ta raba sauran abincin tamowa har ya ƙare, layin bai kai rabi ba. Motocin Konduga jibi za su zo.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan magariba

Jona ya iso da la'asar. Gajere ne, da furfura a gefe, kamanninsu ɗaya a goshi. Ba zan iya rubuta yadda suka haɗu a zaure ba.

Yusra ta maƙale a jikin ƙofa. Ya gan ta. Ya zauna a kan benci ya sunkuyar da kai, ya daɗe a haka, mu duka muna tsaye. Can ya ɗago ya miƙa wa yarinyar hannu, ya tambaye ta da Hausa ko ta san ita ma tana da kaka mace. Ba ta zo ba. Ya ce ba komai, hanya na da nisa, za su saba.

Da ya shiga wurin Abba ya durƙusa har ƙasa. Abba na ganin baƙon namiji ya cafke hannun Phebe, ya fara. Wannan 'yata ce, sunanta Zainaba, ni na haife ta. Jona yana durƙushe hawaye na zuba a kan leda.

Phebe ta riƙe fuskar Abba da hannu biyu, abin da ni ban taɓa yi ba. Ta ce masa da Shuwa, "Abba, mun fito. Babu mai jin mu. Wannan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gida zai kai ni."

Ya tsaya a tsakiyar magana. Ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya dubi Jona. Ya saki hannunta a hankali, ya juya ya kwanta yana fuskantar bango.

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Sun tafi.

Na ba ta laffaya biyu da takalmin da Yusra ta gwada ya yi mata. Gwaggo ta zo tun sassafe da ƙullin turaren wuta, ta tura mata a jaka ba ta dube ta ba. Mun zaci Abba ba zai fito ba. Keke na tsaye a ƙofar gida sai ga shi, ya sa babbar rigar da Sa'id ya ba shi, yana dafa bango. Phebe ta tsuguna a gabansa. Ya ɗora mata hannu a kai ya daɗe yana addu'a, ya shafa kan Yusra. Sannan ya ce, kowa na ji:

"Ki gaida mamarki. Ki ce mata na yi iya yina."

Mamarki. Ba Rahmat ba. Ya sani ke nan, ko wani ɓangare nasa ya sani.

Keke na shan kwana na riƙo hannunsa, na ce Abba, to ni fa, ni wace ce? Ya dube ni da idon nan mai kirki da yake duban baƙi. Ya ce Malama, rana ta yi zafi, a mayar da shi ɗaki.

Lahadi, 4 ga Mayu, da yamma

Bai ci ba. Ruwa kawai, shi ma da kansa ya ɗiba a randa.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan azahar

Bai ci ba. Gwaggo ta gwada, ya ce ya ƙoshi. Sa'id ya kawo kindirmo daga kasuwa, yana nan a rufe. Phebe ta kira sau biyu, sun isa lafiya. Na ce mata yana ci. Na ji a muryarta ba ta yarda ba.

Sista Dorothy ta zo ta duba shi duk da ba ta da aiki yanzu. Ta ce in gobe ta wuce a haka sai asibiti da ƙarin ruwa. Ta ce kada mu matsa masa.

Ba don ya mutu a ɗakin dusa aka dawo mini da shi ba. Ya Allah, ba don haka ba.

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Na yi burabusko da miyar yakuwa. Ban kai masa a kwanonsa ba. Na zuba a faranti ɗaya, na shiga, na zauna a ƙasa nesa da shi kaɗan, na wanke hannu na fara cin abuna ban dube shi ba. Ba dabara ba ce. Na gaji ne, kuma ba na so in ci ni kaɗai a kicin ina sauraren shirunsa.

Ina ji yana kallona. Can ya gyara zama ya ce, "Malama, ke 'yar wace gida ce?"

Na ce, "'Yar Yunus ce, mai shanu."

Ya juya sunan a bakinsa. Ya ce ya san shi. Ya ce mutumin ya sha wahala, shanunsa duk sun tafi. Na ce haka ne, amma 'ya'yansa na nan.

"To madalla," ya ce. "Ba a barin 'yar mutane ta ci ita kaɗai."

Ya jawo butar ya wanke hannu. Ya matso. Ya sa hannu a gefen da ke gabansa, ya ci loma ɗaya, ya ci ta biyu. Da ya ga na tsaya, sai ya ɗauki tsokar naman da ke tsakiya ya turo ta gabana.

Na ci. Mun cinye farantin tare.